Jar Ƙwaya Tana Komawa Cikin Ƙwarya

Zuwa ga Mamana, Zainabu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa motar da kika hau a Funtua ta sauke ki Zariya lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masu tare ta, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronsa, ya sa karatun da ya fitar da ke daga gida ya zama alheri gare ki.

Za ki tarar da takardar nan a ƙasan jakar da na ɗaure miki kuka da daddawa. Na san sai kin yi dariya, ki ce gida ɗaya muke, me ya hana Baba ya kira ni ya faɗa mini? Kin san halina. Sunan mahaifiyata gare ki, da na ɗaga kai na dube ki sai bakina ya yi nauyi, in ɓige da tambayar ko an ba awaki dusa. Sau nawa na kira ki a makon nan, kika zo kika durƙusa, na ce ki miƙo mini buta, alhali ga butar a gabana.

Gwaggonki Asabe ta same ni a gona ta gaya mini komai. Kada ki yi fushi da ita, ni na matsa mata. Ta ce maganarku da Auwal ta yi nisa, yaron nan na Funtua mai gyaran injin ban-ruwa da ya koma Zariya da aiki. Ta ce kun je asibiti an gwada jininku, ke AS, shi ma AS. Ta ce da ta nuna miki tsoro sai kika ce, "Haba Gwaggo, ai uku cikin huɗu lafiya ne. Wa ke fasa tafiya saboda ɗaya, ga uku a tsaye? Baba da Inna ma ai duk AS ne, ga ni nan lafiyata lau."

Tun da na ji maganar nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ba don kin yi rashin kunya ba, ba ki yi ba. Don dai na gane muryar ne. Tawa ce.

Lissafinki daidai yake, ban zo in ƙaryata shi ba. Kowannenku yana ɗauke da gefe biyu a jininsa, ɗaya lafiyayye, ɗaya na sikila, kuma gefe guda kowa ke ba ɗa. Ko ku ba shi lafiyayyu duka, ko ke ki ba da mai kyau Auwal ya ba da na ciwon, ko ke ki ba da na ciwon shi ya ba da mai kyau, ko kuma duk ku ba shi na ciwon. Fuska huɗu ke nan, uku ana so, ɗaya ba a so. Haka aka gaya mana mu ma. Matsalata ba rashin jin lissafin ba ce, yadda na yi da shi ne, kuma shi nake so in ba ki labari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki fara sanin irin mutumin da ubanki yake. Ina saurayi na taɓa yin binne, wato na shuka dawa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Allah ya sa aka yi ruwa mai ƙarfi a kan kari, gonata ta riga ta kowa tashi, duk wanda ya bi hanyar Dayi sai ya tsaya ya duba. Daga nan na ɗauki kaina mai sa'a. Shekarun da suka biyo baya na yi ta binne, yayyafi ya taɓa irin ya tsiro, rana ta ƙone shi, in sake neman iri a ɓoye. Amma in ana hira a bakin masallaci, shekarar nan ɗaya kawai nake faɗa. Innarki, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Malam, kai dai ba ka ƙirga sai abin da ya yi maka daɗi." To ki kiyayi wannan hali, don da alama na ba ki shi tare da dogon wuyan nan. In za ki auna abu, ki jera duk fuskokinsa a gabanki, har wadda ba kya son gani, ki dubi kowacce da ido biyu.

Lokacin da na auri Innarki ba a san gwajin jini a wajenmu ba, wannan ba laifin kowa ba ne. Yayanki Nura ne ɗanmu na fari. Bai kai shekara ba hannuwansa da ƙafafuwansa suka kumbura, yana tsala ihu in an taɓa shi. Muka sha jiƙe-jiƙe, muka yi turare, aka ce amosani, aka ce iska. Da abin ya ƙi muka kai shi asibiti a Malumfashi, aka ɗebi jininsa da namu. Wata ma'aikaciya ta zaunar da mu, ta ce yaron sikila gare shi, daga ni ya samo rabi, daga uwarsa rabi. Ta ce, "Duk cikin da matarka za ta ɗauka, ɗaya cikin huɗu ne zai zo da wannan ciwo." Matar nan ba ta rage komai ba, har "duk cikin" ta faɗa. Ni ne kunnena ya tsinci abin da yake so ya watsar da sauran.

Muna kan babur za mu koma gida, Innarki tana kuka a bayana, na ce mata, "Hajara, share hawayenki. Ɗaya cikin huɗu aka ce, to ga ɗayan nan a bayanki, mun riga mun bayar. Uku masu zuwa namu ne." Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Na ɗauka kamar zakka ce, in ka fitar ka fita. Ta yi shiru, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin ta yarda.

Sai aka haifi Sa'adatu. Ita ma hannuwa suka kumbura. Kin san me ubanki ya ce? Na ce to biyu sun zo a jere, ashe na 'ya'ya takwas muka biya gaba ɗaya, shida masu zuwa ba abin da zai taɓa su. Yanzu in na tuna kunya ke kama ni, amma a lokacin har daɗi na ji, ina ganin na fi asibiti iya lissafi. Mamana, duk ranar da kika ga kina gyara lissafi don ya dace da abin da zuciyarki ta riga ta yanke, ki tsaya. Ba lissafi kike yi ba a lokacin, rarrashin kanki kike yi.

Akwai kuma Malam Iliya, maƙwabcinmu na gona, wanda kuke zuwa cin shinkafar Kirsimeti gidansa. Shi da matarsa su ma AS ne, a asibitin muka haɗu har muka san haka. 'Ya'yansu reras, ba wanda ya zo da ciwon. Duk sanda Innarki ta ce mu dakata mu yi tunani, sai in nuna mata gidansa in ce, "Ga Malam Iliya can, me ya same shi?" Shi kansa mutumin ya taɓa jan hannuna a kan iyakar gona ya ce, "Malam Sani, ka daina misali da ni. Ni ban yi wata dabara ba, duk haihuwa da fargaba nake jiranta." Na yi dariya na ce tsoro ya yi masa yawa. Gida ɗaya na gani da ya tsira, na rufe ido ga layin iyayen da muke zama da su a barandar asibiti, don su ba sa zuwa bakin masallaci su ba da labari.

Sannan kika zo. Aka gwada ki, aka ce AS, ba ki da ciwon. Ranar sunanki rago biyu na yanka, na bi mutane ina cewa, "Kun gani ko? Ban faɗa ba?" Na mayar da ke shaidata. Shi ya sa da Asabe ta ce kin ce "ga ni nan lafiyata lau," sai na ji kamar an mare ni da hannuna. Gaskiya ne ga ki nan, kuma ba ni da abin da ya fi ki a duniya. Amma ku huɗu Innarki ta haifa, ke kaɗai kika rage da za ki iya faɗin haka. Nura ya tafi kina rarrafe. Sa'adatu ta bi shi damina biyu bayan nan. Da za a tambaye su, ba abin da kika faɗa za su faɗa ba.

Bashir ne auta, shi kin san shi. Ranar da sakamakonsa ya fito na dawo gida raina a ɓace, na tarar da Innarki a tsakar gida tana tsince dawa a faifai. Na jefar da hulata na ce, "Mutanen asibitin nan maƙaryata ne! Sun ce ɗaya cikin huɗu, ga mu da uku cikin huɗu."

Ta jawo ƙaramar ƙwarya, ta tsinci ƙwayar farfara uku da jar kaura ɗaya ta zuba a ciki. Ta ce, "Malam, rufe idonka ka ɗauko guda."

Na ce, "Wane irin wasan yara ne wannan?"

"Kai dai ɗauko."

Na ɗauko fara. Ta karɓa ta mayar, ta girgiza. Na sake sa hannu, sai ga ja. Na ajiye ta a gefen tabarma, na miƙa hannu zan sake ɗauka, ina cewa, "To yanzu ai saura farare."

Sai ta riƙe mini hannu. Ta ɗauki jar ƙwayar nan ta mayar cikin ƙwaryar, ta girgiza, ta miƙo mini. Ta ce, "Wa ya ce maka fidda ta ake yi? Jinin da ke jikinka ya canza ne don Nura ya zo? Nawa ya canza? Kowane ciki huɗun nan cif suke, Malam. Cikin bai san an yi wani kafin shi ba. Tun a kan babur nake son in gaya maka, na ga ba ji za ka yi ba."

Na zauna ina kallon ƙwaryar. Ban sake sa hannu ba, tsoro nake ji. Shekara da shekaru ina jiran ja ta ƙare, ashe ba ta ƙarewa. Mai sa'a irin Malam Iliya zai yi ta ɗaukar fara har ya gama, wani kuma ya ɗauki ja sau uku, kuma duk ba a yi wa kowa ƙarya ba. In an tara gidaje da yawa, to nan ne za a ga ɗaya cikin huɗun ya fito. Amma ke ba gidaje da yawa za ki zauna ba, gida ɗaya za ki zauna. Daga Bashir ba mu ƙara haihuwa ba, kuma wannan shawarar Innarki ce, ba tawa ba.

Ki lura da wannan ma: matar da ta fi ni gane abin tana ɗaki ɗaya da ni, na hana ta magana da yawan surutuna. Dangi suna ce mata mai wabi, ana nuna ta da baki a gidan biki, ni da na san rabin ciwon daga jikina ya fito ban taɓa tashi na faɗa a gaban mutane ba. Ki tambayi Auwal abin da yake tsoro, ki saurare shi har ya gama. In bai nuna tsoron komai ba, to wannan ma abin dubawa ne, don wanda zai shiga irin wannan ba tare da gabansa ya faɗi ba bai san inda zai shiga ba.

Kuskurena na ƙarshe ke na yi wa, kuma shi ya fi damuna. Duk sanda ciwon Bashir ya tashi, sai mu tura ki gidan Asabe, mu ce ki je ki taya ta aiki. In kin dawo kin tarar da shi ya ɗan rame yana murmushi, a ce miki zazzaɓi ya yi. Ni na kafa wannan doka, ina ganin tausayinki nake ji. Ashe ɓoye miki fuska ta huɗun na yi, har kika girma kina jin "ɗaya" kamar lamba ce kawai a allo. To bari in gaya miki abin da ke cikinta.

Ruwan sama kaɗan zai taɓa shi a hanyar makaranta, kafin la'asar ya fara murƙususu. Yakan ce, "Baba, ƙashina ake sara." In danna masa ƙafa ya ce in bari, in bari ya ce in danna. In goya shi da zani a bayana kamar mace, in hau babur, hanya duk taɓo, kowane rami muka faɗa sai ya ƙwalla ƙara a kunnena. A asibiti a ce jininsa ya yi ƙasa, a nemo jini. In bi 'yan'uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in mutum ya hango ni daga nesa sai ya sake hanya, kuma ban ga laifinsa ba, ya bayar ya gaji. Wata rana da ciwon ya lafa, ya dube ni da idanun nan nasa da suka yi ɗorawa ya ce, "Baba, me ya sa Yaya Zainabu ba ta yin irin wannan?" Na ce Allah ne ya tsara haka. Ya ce, "To kai ba ka sani ba ne kafin a haife ni?" Na tashi na fita waje kamar zan yi alwala. Har ya koma ga Allah ban ba shi amsa ba.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban taɓa da-na-sanin ganin fuskokinsu ba. Nura da son tsuntsaye, Sa'adatu da ba ta cin tuwo sai a cinyata, Bashir da ya fi ni iya ba'a. Kuma na san yanzu an samu sauƙi, akwai magunguna, akwai masu sikila da suka girma suka yi karatu suka yi iyali, Allah ya ƙara musu lafiya. Abin da ke ci mini rai shi ne, ni na sa hannu a ƙwaryar, amma ba ni na sha ciwon ba. Mai noma in ya yi binne ya yi asara, irinsa ne ya ƙone. Wannan kuwa wani ne zai ɗauki nauyin, wanda ba a yi shawara da shi ba.

Za ki ji masu cewa haihuwa ta Allah ce, ciwo da lafiya duk nasa ne. Gaskiya suka faɗa, ni ma da ita na yi ta rufe bakin Innarki. Amma ni ɗin nan ban taɓa barin awakina a sake da damina na ce Allah zai hana su shiga gonar mutane ba, ɗaure su nake yi. Sanin da aka ba ku a asibiti shi ma Allah ne ya kawo shi, mu ba mu samu ba sai da aski ya zo gaban goshi.

Ba zan hana ki ba, Mamana. Ba ni da bakin hana wani, kuma Auwal yaron kirki ne, na ga yadda yake gaida mutane. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ki ba shi amsa ta ƙarshe, ku nemi ranar da ake ganin masu sikila a asibiti nan Zariya, ku je ku biyu, ku zauna a barandar tun safe har a tashi. Kada ku tambayi likita, kun riga kun san abin da zai ce. Ku zauna kusa da iyayen, ku dubi yaran, ki tambayi wata uwa yadda makonta ya wuce. In kun fito kika ce har yanzu za ki iya, to ki zo ki gaya mini da bakinki, ba ta bakin Asabe ba. Zan kira baffanki ya karɓi sadaki, kuma duk abin da Allah ya kawo, ni zan fara miƙa hannu a ɗebi jinina, in har na tsoho yana da amfani. In kuma kika ga ba za ki iya ba, za ki yi kuka, kukan zai daɗe, ba zan ce miki ba zafi ba. Ki zo gida ki yi shi a ɗakin Innarki.

Na daɗe ina juya ko in rubuta ko in bari. Gidan nan kin san yadda ya koma tun rasuwar Innarki. In kina nan ko ƙarar tsintsiyarki da safe ta ishe ni. In kin tafi kuwa, in na dawo daga gona sai in yi sallama a ƙofa, in tsaya, sannan in tuna ba mai amsawa. Asabe za ta riƙa aiko da tuwo, in ci a zaure ni da rediyo. Zuciyata ta yi ta ce mini, Sani, yi shiru, ita kaɗai ta rage maka, in ka ɓata mata rai ta daina zuwa fa? Na kusa bin ta. Sai na ga shirun nan shi na yi wa Bashir, ba zan ƙara yi miki ba don kawai ina tsoron zama ni kaɗai.

Saboda haka in takardar nan ta ɓata miki rai, ki yi fushinki, kina da gaskiya. Ko ba ki kira ni ba zan jure. Amma in an ba ku hutu ki zo gida, ko ba za ki yi mini magana ba, in dai ji motsin mutum a tsakar gida.

Allah ya kiyaye ki a inda idona ba ya kaiwa. Ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki lafiya da basira, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri ya kuma sa zuciyarki ta iya ɗaukarsa. Ya jiƙan Innarki da 'yan'uwanki, ya dawo mini da ke lafiya.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Sani.